Kokawar Haliru da Injin Awon Zuciya

Idan ka zauna shan shayi a bakin tashar Tambuwal, kafin kofinka ya huce za ka ji labarin Haliru Gagara-Kaye, kuma daga bakin Halirun za ka ji shi. Ya yi kokawa a zamanin samartakarsa, wannan gaskiya ne, iyayenmu sun shaida. Abin da ba su shaida ba shi ne yawan mazajen da ya kayar, don kullum ƙaruwa suke yi, alhali rabonsa da fage tun kafin a haifi 'yarsa ta fari, wadda yanzu ita ma ta tara iyali. Dillancin hatsi yake yi, tumbi ya fito, furfura ta cika gemu, amma bakin nan yana nan da ƙuruciyarsa. Abu guda yake riƙe da shi kamar ransa, wato bayansa bai taɓa taɓa ƙasa ba.

Bakin ne kuwa ya ja masa. Wata ranar kasuwar Kebbe ya yi kiciɓis da Na'iya, tsohon ɗan kokawar garin, sa'ansa a shekaru da kuma cika baki. Sau ɗaya suka taɓa kamawa da ƙuruciya, ruwan sama ya raba su, tun daga nan kowa yake cewa ruwan ne ya ceci ɗan'uwansa.

Na'iya ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Haliru, wanga tumbi na, ko buhun gero kaka ɓoyo cikin riga?"

"Tumbin ga shi za ya danne ka ranar da kay yarda mu ida abin da ruwa yar raba."

"Bayan girbi. Nan Kebbe, gaban mutanena."

"Na amsa. Ka biɗi masu ɗaukar ka tun yanzu."

Kafin babur ɗinsa ya gama fama da ramukan hanya, labari ya riga shi isa Tambuwal. A tasha aka tare shi da shewa. A gida kuwa matarsa Ni'imatu ta tare shi da shiru, irin shirun da ya fi faɗa ciwo.

Ni'imatu ta daɗe da lura da wani abu. Duk lokacin da Haliru ya yi sauri zuwa masallaci, ko ya kama bakin buhu aka ɗora a mota, sai ya tsaya ya dafa ƙirji, ya yi kamar yana laluben wani abu a aljihun gaba. Ita ce mai wanke rigar, ta san babu komai a aljihun nan sai ɓawon goro. Tsoro take ji ƙwarai, kuma ba ta da wanda za ta gaya wa, don mijinta ya fi son a ce ya mutu da a ce ya gaji. Saboda haka ta kwashe kayan kokawarsa, warki da guru da kambu, ta zuba a adaka, ta kulle, ta ɗaure makullin a bakin zanenta.

"Malam, kayan ga ba su fita sai likita ta ce zuciyarka lafiya take."

"Zuciyata? Wadda tag gagari mazan Dogon Daji?"

"Ita. Mazan Dogon Daji dut sun koma ga jikoki, kai kaɗai kar rage."

Ɗan kokawa ba ya shiga fage ba guru, don haka Haliru ya bi ta yana gunaguni. Suka je wani ƙaramin asibiti a bayan tasha, inda Likita Khairiyya take zuwa daga Sakkwato ƙarshen mako tana duba masu ciwon zuciya. Ta kwantar da shi, ta jona masa wayoyi a ƙirji, ta duba zanen da na'ura ta fitar, ta ce ba ta ga wani abin tashin hankali ba. Haliru ya tashi zaune ya miƙa wa Ni'imatu hannu ta ba shi makulli.

Likita ta ce, "Tsaya tukuna, Baba. Zuciya in tana kwance takan ɓoye laifinta. Sai an sa ta aiki ake gane ko jini yana isarta. Mako mai zuwa za ka hau injin tafiya, mu riƙa ƙara maka sauri da tudu a hankali muna kallon bugunta. Da ka ji zafi a ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya yi maka wuya, sai ka faɗa mu tsaya."

"In faɗa mi?"

"Ka ce ka gaji."

Haliru ya yi wata dariya har da riƙe ciki. Ya ce tun da aka haife shi wannan kalma ba ta taɓa bi ta bakinsa ba, bai ma san ta inda ake fara ta ba.

Daga asibiti shagon Uthman tela ya zarce, don an ce shi ya taɓa hawan injin a Sakkwato. Uthman ya tsayar da keken ɗinki ya ce abin wani shimfiɗaɗɗen bel ne, kana taka shi yana gudu baya, ka yi ta tafiya ba ka isa ko'ina.

"To wa ka cin nasara?" in ji Haliru.

"Ba nasara aka biɗa ba, awo na. Kowa yah hau, daga ƙarshe shina cewa a tsaya."

"Kowa?"

"Kowa. Ni da nig ga soja ya sauka shina haki."

Haliru ya gyara hula. A nan take shirin ya faɗo masa, ya kuma sanar da shi a tasha kafin la'asar. Zai zama mutum na farko da injin zai ce wa a tsaya. Zai taka shi har ya yi hayaƙi, sa'annan ya karɓi makullinsa, ya wuce Kebbe ya ƙarasa da Na'iya. Ya aika a gaya wa Na'iya ya zo da mutanensa ranar, ya ga abin da ke jiransa. Ya kuma kira Mannir makaɗi, wanda ya yi gadon kiɗa masa take daga mahaifinsa, ya ce ya ɗaure ganga.

Saura horo. Da farko ya riƙa tattaki wuri guda a zaure, yana ɗaga gwiwa yana huci, har wata maƙwabciya ta leƙo ta koma da gudu ta ce a kawo hayaƙin aljanu. Sai ya ga ai wannan ba horo ba ne, tunda ƙasar ba ta motsi. Ya aro busasshen ƙirgi, wato fatar saniya, wurin mahauta, ya huda shi, ya ɗaura igiya, ya ɗaura ɗaya bakin a jikin jakin maƙwabcinsa. Ya hau ƙirgin ya juya wa jakin baya. Dabarar ita ce jaki ya ja ƙirgi baya, shi kuma ya yi gaba.

Uthman tela, da ya zo kallo, ya ce, "Haliru, ƙirgin ga taku biyu na. In ka ƙare shi ina za ka taka?"

"Kai dai ɗinki kas sani. Mannir, ba ni takena!"

Mannir ya saki ganga a gindin kunnen jakin da bai taɓa jin kiɗa kusa haka ba. Jaki ya zabura. Ƙirgi ya fizge, Haliru ya dira a kai daɓas, ya cafke gefe da gefe, aka yi lungu da shi da baya-baya. Suka bi ta kan shanyar barkonon matan unguwa, suka watsa awaki, suka ratsa kwatar gidan liman. Mannir na biye a guje yana kiɗa, don shi dai ba a ce masa ya daina ba. Jakin bai tsaya ba sai a ƙofar gidan ubangidansa.

Mutane suka taru suna atishawa saboda barkono. Haliru ya ɗaga yatsa ya ce, "Ku shaida, zaune nike. Bayana bai taɓa ba."

Aka shaida. Amma ya daɗe a zaunen nan bai tashi ba, hannunsa na laluben aljihun gaba. Ya ce dabara yake tunani. Ni'imatu tana tsaye a bakin zaure, ta ga leɓensa ya yi fari, ta koma ciki ta share hawaye ba wanda ya gani.

Likita ta riga ta ja kunne cewa ranar awo kada ya cika ciki, kada ya sha shayi ko ya ci goro, kada ya shafa mai, ya kuma sa takalmi mara nauyi. Haliru ya auna maganar ya gane makirci ne, tunda likitar ai ta ɓangaren injin ce. Wa ya taɓa shiga fage da yunwa? Da safe ya fita kamar za shi masallaci, ya zauna gidan ƙanensa ya share kwanon ɗumame, ya kora da fura, ya bi ta tasha ya sha shayi mai kauri, ya ɓare goro. Sa'annan ya mulke jikinsa da man kaɗanya tun daga wuya har cibiya, tsohuwar dabararsa ta hana abokin karawa samun wurin kamu.

Ya iso asibiti da kiɗa, rabin tasha na biye da shi. Motar Kebbe ta riga ta iso, Na'iya na zaune a gaba ya harɗe hannu. Likita Khairiyya ta fito ta ga taro, ta ce ko biki ake yi? Aka ce mata kokawa ce. Ta ce kowa ya fita harabar, majiyyaci da matarsa kaɗai za su shiga. Jama'a suka fita ta ƙofa cikin ladabi, suka zagaya ta baya suka cika tagar ɗakin awo. Tagar kuwa dole a bar ta a buɗe, don janareton asibitin ba ya iya ɗaukar inji da na'urar sanyi tare. Aka saki labule, wani ɗan Kebbe ya sa sanda ya ɗage.

"Baba, ka ci wani abu yau?" in ji likita.

"Ko ruwa ban sha ba, ɗiyata."

"To wannan jan da ke haƙoranka fa?"

"Gado na."

Bai rufe baki ba gyatsa ta tona masa asiri, ɗakin ya gauraye da ƙamshin daddawa. Likita ta ce ba mai hawa injinta da cikin nan, ya zauna sai abinci ya faɗa. Aka zauna. Rana ta take, 'yan kallo suka yi ta zufa a gindin taga, Haliru ya aika musu cewa injin ne ya nemi a ba shi lokaci ya shirya.

Da lokaci ya yi, Bilyaminu ma'aikacin jinya ya zo liƙa masa 'yan faifan da ake jona wayoyi a kai. Ya liƙa na farko, ya sulale ya sauka a cibiya. Ya liƙa na biyu, ya bi ɗan'uwansa. Haliru ya juya wajen taga ya kashe ido.

"Kun gani? Tun ba a fara ba ya rasa wurin kamu."

Bilyaminu ya gane mai ne. Ya ɗauko auduga da sabulu ya wanke shi tas kamar jariri, ya ciro wata laya da aka aro aka ɓoye a hammata ya miƙa wa Ni'imatu, sa'annan ya ɗauko reza. Gashin ƙirjin da Haliru yake buɗe wa maɓalli saboda shi, aka yi masa aski gona-gona. Daga taga wani ya ce ƙirjin ya koma kamar gonar da awaki suka shiga. Na'iya ya yi dariya har da tari.

Aka ɗaura masa abin awon jini a dantse, ya hau, ya kama ƙarfen gaba. Inji ya fara tafiya a hankali. Haliru ya taka yana rangwaɗa.

"Wanga shi na dodon? Ko tsohuwa mai tallan daddawa ta fi shi sauri."

Mannir ya saki take daga waje. Likita ta leƙa ta ce a bari, nan asibiti ne. Ya bari, ya koma bugawa da yatsu a hankali, wanda duk da haka kunnen Haliru yana ji. Can sai gaban injin ya ɗaga, bel ya ƙara sauri. Rangwaɗa ta ragu. Aka sake ƙarawa. Gumi ya keto masa, numfashinsa ya fara fita da ƙara, ya saki hannu ɗaya ya kai ƙirji neman aljihu, ya tarar ba riga.

"Baba, akwai zafi?" in ji likita.

Akwai. Kamar an ɗora masa buhun dawa a ƙirji, nauyin yana bi ta kafaɗa zuwa hannun hagu. Ya buɗe baki. Ya dubi taga, ya ga hulunan Kebbe a jere, ya ga idon Na'iya, ya ji yatsun Mannir suna kiran sunan kakansa. A gaban waɗannan mutum zai ce ya gaji?

"Daɗi nika ji. Ƙara!"

Ni'imatu ta ce, "Malam, don girman Allah ka faɗi gaskiya."

"Ke, fita batun maza!"

Sai dai likita ba bakinsa take saurare ba, allo take kallo. Zanen bugun zuciyar ya sauya, ta ga abin da take nema, ba ta kuma son ganin fiye da haka. Ta ce wa Bilyaminu ya isa, ta danna maɓalli, inji ya fara sassautawa.

Haliru ya ji bel ya yi sanyi a ƙarƙashin ƙafarsa. Ya ji tudun yana sauka. Duk da zafin da yake ji, fuskarsa ta washe.

"Ya gaji! Jama'a ku shaida, shi yaf fara sakewa!"

"Baba, riƙe ƙarfen! Bai tsaya ba tukuna!"

Ina! Mannir ya manta da asibiti ya saki ganga da ƙarfinsa. Haliru ya saki ƙarfe, ya ɗaga hannu biyu sama, ya juya wa injin baya don ya fuskanci jama'a ya yi kirari yadda ake yi a fage.

"Sai ni bangon Tambuwal! Mai jingina da ni shi kwana lafiya, mai ture ni shi..."

Bel ya kwashe ƙafafunsa biyu a lokaci guda. Wayoyi suka tsinke suka yi sama. Gagara-Kaye ya tashi kamar an ɗaga shi da hannu, ya dawo da baya, shimfiɗe, ƙeya da kafaɗa da ƙugu duka a ƙasa, ƙafa a sama, takalmi ɗaya ya fice ta taga. Irin kayen da ko alƙalin garinku ba zai iya cewa bai gani ba.

Ganga ta ɗauke. Sa'annan wani ɗan Kebbe ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Abin da ba shi da ko hannu," sai dariya ta ɓarke har bakin titi.

A cikin ɗaki ba mai dariya. Bilyaminu da likita suka ɗaga shi zuwa gado, aka sa masa ƙwaya a ƙarƙashin harshe, aka rufe masa hanci da baki da robar iska. Ni'imatu ta fizge labule daga kan sandar ɗan Kebbe ta rufe tagar da kanta, ta dawo ta riƙe hannunsa. A hankali nauyin ya sauka daga ƙirjinsa. Likita ta duba ƙeyar ta ce ƙulu ne kawai, ta ja kujera ta zauna.

"Baba, da alama hanyoyin da ke kai wa zuciyarka jini sun ƙuntata. In kana zaune suna isarta, in ka yi aikin ƙarfi ba sa isa. Zan tura ka Sakkwato a duba sosai, akwai magani, akwai abin da za a yi. Amma batun kokawa ka cire shi. Da a fagen Kebbe wannan ya same ka, ban san me zan gaya wa matarka ba."

Haliru ya dubi silin. Bai tambayi makulli ba, Ni'imatu kuma ba ta yi masa gori ba. A rana guda ya rasa karawar Kebbe, ya rasa sunan da ya yi shekaru yana ci da shi a tasha, kuma a gaban mutanen Na'iya. Hawaye ya gangaro masa ta gefen ido ya shiga kunne, ya ce iskar robar nan ce take sa masa ƙwalla.

Aka yi sallama a bakin ƙofa. Na'iya ne, ya cire hula ya riƙe a hannu, ya roƙi a bar shi ya yi sannu. Ya matso bakin gado, ya waiga hagu da dama, ya sunkuya daidai kunnen Haliru.

"Sannu, ɗan'uwa. Allah shi yi wa injin ga albarka, ya cece mu dut. Ni tun damana ko tudun kasuwarmu ba ni iya hawa sai na tsaya na huta. Tun randa munka yi alkawarin ga ban yi kwanan kirki ba. Amma ka rufa mani asiri."

Haliru ya dube shi da tausayi. Ya jinjina kai. Ya ɗaga robar iska daga bakinsa, ya tattara ɗan ƙarfin da ya rage masa, ya kwarara murya yadda za ta keta taga.

"Jama'ar Tambuwal! Na'iya ya ce tsorona ya hana mai kwana! Ko tudun kasuwa ba shi iya hawa!"

"Haliru! Amana fa!"

Waje ya kaure da hayaniya, 'yan Kebbe na cewa ƙarya ne, 'yan Tambuwal na cewa to a gwada. Ni'imatu ta dubi Na'iya, ta ga yadda yake haki daga 'yar wannan sunkuyawa, ta juya wajen likita.

"Likita, ga na biyu. Shi ma da mata da ɗiya a gida."

Likita ta ɗauko abin sauraren ƙirji ta ce, "Baba, zo in fara jin ƙirjinka. In ya kamata ka hau, sai ka hau."

Na'iya ya ce ai shi lafiyarsa ƙalau, kuma ya bar shanu ba mai ba su ruwa. Ya ja da baya, ya kai bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ta fita. A daidai nan Mannir, wanda ya rasa wanda zai yi wa kiɗa, ya gyara ganga ya saki taken Na'iya na Kebbe. 'Yan Kebbe suka ɗauka da shewa. Na'iya ya tsaya cak. Ɗan kokawa in an buga takensa a gaban mutanen garinsu, ba shi da hanyar fita sai ta fage. Ya dawo ciki, ya fara ɓalle maɓallan rigarsa, yana satar kallon injin.

Da ya zo wucewa ta gefen gado, Haliru ya kamo hannun rigarsa ya jawo shi kusa. Wannan karon bai ɗaga murya ba.

"Na'iya, kak ka saki ƙarfen. Kuma in ta tambaye ka ko da zafi, ka ce da zafi."